Daftari Mai Wa'adin Wata Shida: Yadda Baƙo Ke Shiga Majalisar Masu Tsara Ƙa'idojin Intanet

Akwai wata irin takarda wadda tun ranar da marubucinta ya miƙa ta ake buga mata ranar cikar wa'adinta a shafin farko, daura da sunansa, domin kowa ya san cewa in kwana 185 suka cika ba a sabunta ta ba, ba a kuwa ɗaga darajarta ba, to, ta fita daga sahun abin da ake tattaunawa a kansa, sai dai mai bincike ya tono ta a ma'ajiya. Wannan ita ce ake kira daftarin intanet, kuma da irinta ake fara kowace ƙa'ida da ƙungiyar IETF ke fitarwa, watau ƙungiyar injiniyoyin nan wadda, ko da yake galibin masu riƙe da waya ba su taɓa jin sunanta ba, a zaurenta aka daidaita yadda saƙon imel ke barin wata kwamfuta ya sauka a wata, da yadda ake kulle bayanin da ke kai da kawowa tsakanin wayar mutum da bankinsa. Hausa ma tana da rabonta a ciki, domin tsarin da ake bi a sanar da na'ura cewa wannan rubutu Hausa ne, a rubuta mata ha-Latn in boko ne, ha-Arab in ajami ne, yana cikin takardarsu mai lamba 5646 ta shekarar 1430 bayan hijira, wato 2009, kamar yadda tsarin UTF-8, wanda ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ su isa inda aka aike su ba su rikiɗe ba, yake cikin mai lamba 3629.

Wanda ke son fahimtar ladubban wannan majalisa, ya kyautu ya san asalin sunan da ake kiran takardunta da shi. A ran 7 ga Afrilu 1969 wani ɗalibi a jami'ar Kalifoniya ta Los Anjelas, Steve Crocker, ya rubuta ta farko, lokacin da ake shirin haɗa kwamfutoci huɗu kacal a Amurka. Shi da 'yan'uwansa ɗalibai kuwa, kamar yadda ya ba da labari daga baya, suna zaton akwai wasu manyan masana da za su iso su karɓi aikin, suna kuma tsoron kada a ce sun yi wa manya shisshigi, saboda haka suka raɗa wa rubutun suna na tawali'u, wanda ma'anarsa neman jin ra'ayi, haruffansa na farko kuwa su ne RFC. Manyan ba su taɓa zuwa ba. Sunan ya zauna, har yau takardun sun haura dubu tara, Jon Postel kuwa ya riƙe aikin tace su tun farkon shekarun 1970 har rasuwarsa a Oktoba 1998. Ita IETF kanta sai a Janairu 1986 ta yi zamanta na farko a San Diyego, da mutum 21.

Abin da ke ba baƙo mamaki da fari shi ne cewa ƙungiyar ba ta da mambobi. Babu katin shiga, babu kuɗin shekara, ba a tambayar mutum takardar digiri ko izinin gwamnatinsa, kuma bisa ƙa'ida kowa yana magana ne da yawun kansa, ko da wani babban kamfani ne ke biyansa albashi. Aikin ya kasu sashe-sashe, kamar sashen tsaro da sashen hanyoyin isar da saƙo, kowane sashe da daraktocinsa. A ƙarƙashinsu akwai kwamitocin aiki sama da ɗari, kowanne da shugabanninsa da rubutacciyar iyakar abin da aka kafa shi dominsa. Ana haɗuwa sau uku a shekara, a Maris da Yuli da Nuwamba, amma ainihin muhawara ta wasiƙun imel ake yinta, a fili, kuma duk abin da aka cim ma a ɗakin taro sai an sake tabbatar da shi a rubuce, domin wanda bai halarta ba shi ma ya sa baki.

To, wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ita ce ke ruɗin sabon shiga. Da ya ji cewa ba mai hana shi, sai ya zauna ya cika shafi arba'in da wata dabara da ya yi imani za ta gyara intanet baki ɗaya, alhali bai karanta iyakar aikin kwamitin da zai kai wa ba, bai kuwa bincika ko an taɓa kawo irin shawarar shekara goma da suka wuce aka ƙi ta bisa hujja ba. A ganina almajirancin wannan wuri daga karatu yake farawa: mutum ya zaɓi kwamiti ɗaya, ya bi muhawararsa wata da watanni bai ce uffan ba, ya karanta daftarin wani da idon basira, ya rubuto cewa fasali kaza ya saɓa wa fasali kaza, ko kuwa ya gwada aiki da shi a na'ura ya ga inda ya cije. Marubuta a nan sun fi masu bita yawa, don haka wanda ya yi wa wani bita ta tsanaki an san sunansa kafin ya zo da tasa buƙatar.

In lokacin rubutu ya yi, sai ya fara da sunan daftarin, wanda ke da tsari sananne: kalmar draft, sa'an nan sunan marubuci, sa'an nan sunan kwamitin da ake nufi, sa'an nan batun a taƙaice, a ƙarshe lamba mai gurbi biyu wadda ke farawa daga 00, duk gyara kuwa a ƙara ɗaya. Ƙananan haruffan Ingilishi da lambobi da ɗan karan tsakiya kaɗai ke shiga wannan suna, saboda haka mai suna Ɗanladi sai ya haƙura da lanƙwasar harafinsa a nan. A cikin matanin kuwa an sami sauƙi, domin bayan shekaru masu yawa da ake buga RFC da haruffan Ingilishi zalla, layi ba ya wuce harafi 72, takarda mai lamba 7997 ta 2016 ta halatta wa marubuci ya rubuta sunansa da haruffan harshensa. Ba a rubuta daftari yadda ake rubuta wasiƙa a ofis. Ana tsara shi da XML, ko da wani salo mai sauƙi da ake kira Markdown wanda manhaja ke juyawa zuwa XML, sa'an nan manhajar xml2rfc ta fitar da shi a sifar da aka saba, wata kuma mai suna idnits ta duba ƙananan kurakurai, kamar madogarar da aka ambata a matani aka manta da ita a jerin ƙarshe. Daga nan sai ya ɗora shi a Datatracker, rumbun da ke riƙe da tarihin kowane daftari, a aiko masa da saƙon tabbatarwa, ya amsa, cikin ɗan lokaci kaɗan rubutunsa ya bayyana ga duniya. Kimanin mako biyu kafin kowane taro ana rufe karɓa, ba a sake buɗewa sai ranar da taron ya fara, don kada wani ya zubo wa mutane sabon matani suna kan hanya.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi tsokaci, domin an sha yaudarar jama'a da shi. Babu wanda ya karanta daftarin kafin ya bayyana. Na'ura ce kawai ta duba sifarsa. Bayyanarsa ba ijaza ba ce, ba ta kuwa nuna yardar kowa, shi ya sa a goshin kowane daftari akwai gargaɗin cewa bai dace a kafa hujja da shi ba face a matsayin aikin da bai kammala ba. Duk ɗan kasuwar da ya ce kayansa sun dace da ƙa'idar IETF, ya nuna daftarin da shi da kansa ya ɗora, bai nuna kome ba. Ko lambar RFC ma ba kullum take nufin ƙa'ida ba: akwai na bayani kawai, akwai na gwaji, akwai kuma na raha da ake fitarwa ran 1 ga Afrilu, irin mai lamba 1149 ta 1990 wadda ta bayyana yadda za a aika saƙon intanet a ƙafar tattabara, wadda wasu ma'abota kwamfuta a birnin Bergen na ƙasar Norwe suka gwada da tattabaru na gaske a 2001, wasu saƙonnin suka isa, wasu suka salwanta.

Matanin yana da babuka da ba a tsallakewa. Akwai taƙaitawa a farko, akwai mukaddima da ke bayyana mas'alar da ake son warwarewa, wadda ita ce manyan wurin ke fara dubawa, domin sun fi damuwa da ko akwai cutar kafin su saurari magani. Akwai babin tsaro, inda marubuci zai faɗi yadda mugu zai iya cutar da mutane ta hanyar abin da ya ƙago; cewa babu wata matsala ba a karɓarta haka kawai, musamman tun Mayu 2014, lokacin da, bayan tonon asirin da Edward Snowden ya yi, ƙungiyar ta bayyana a takarda mai lamba 7258 cewa leƙen asirin jama'a baki ɗaya hari ne da ya wajaba masu tsara ƙa'ida su yi tanadinsa. Akwai kuma babin IANA, ofishin da ke riƙe da rajistar lambobi, irin 25 ta isar da imel da 443 ta kullallen shafi. Ko marubuci ba ya buƙatar sabuwar lamba, sai ya rubuta a fili cewa ba ya buƙata.

Amma inda alƙalamin baƙo ya fi zamewa shi ne wajen kalmomin hukunci. A Maris 1997 Scott Bradner na jami'ar Harvard ya fitar da 'yar gajeriyar takarda mai lamba 2119, wadda ta ƙayyade ma'anar wasu kalmomi da galibi ake rubutawa da manyan haruffa, kuma wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ji su baƙi ba, domin sun yi kusa da hukunce-hukuncen nan biyar: MUST a matsayin wajibi, MUST NOT a matsayin haram, SHOULD kusa da mustahabbi, SHOULD NOT kusa da makaruhi, MAY kuwa mubahi. Sai dai kamancin yana da iyaka a wuri guda mai muhimmanci, domin wanda ya bar mustahabbi ba a tambayarsa uzuri, alhali wanda ya bar SHOULD dole ya kasance yana da dalili ingantacce, ya kuma auna abin da barin zai haifar. Sabon marubuci yakan yayyafa MUST ko'ina don maganarsa ta yi nauyi, ko kuwa ya fake da SHOULD a inda ya kasa yanke shawara. Mai bita kuwa zai tambaye shi abu ɗaya, watau me zai lalace in wani bai bi ba. In amsar ita ce na'urori biyu za su kasa fahimtar juna, ko za a cutar da wani, wajibi ya tabbata. In kuwa son ran marubuci ne kawai, sai a ce ya sauke kalmar. Shekara ashirin bayan haka, a 2017, sai da aka ƙara wata takarda, mai lamba 8174, don a kashe gardamar ko kalmomin suna ɗauke da wannan hukunci in an rubuta su da ƙananan haruffa. Aka ce ba sa ɗauka.

Akwai kuma sha'anin haƙƙi, wanda ake tunatar da shi a farkon kowane zama. Wanda ya miƙa daftari ya ba ƙungiyar izinin bugawa da gyarawa, kuma in ya san shi ko kamfaninsa suna da rajistar mallakar wata ƙirƙira da ta shafi abin da yake kawowa, wajibi ne ya bayyana tun da wuri, don kada a gina ƙa'ida a kai, duniya ta karɓa, sa'an nan ya fito yana neman diyya.

Bayan duk wannan wahala, abin da galibi ke tarbar daftarin farko shi ne shiru. Ba mai zagi, ba mai yabo. Marubuci ne zai ɗauki rubutunsa ya kai wa kwamitin da ya dace, ya bayyana a taƙaice abin da yake nema, ya roƙi shugabanni 'yan mintoci a taro. In bai san inda zai dosa ba, akwai kwamitocin da aikinsu ke nan, su saurari sabuwar shawara su nuna mata gida, ko su faɗa wa mai ita cewa ba ta da gida a nan. In kwamiti ya ga mas'alar tasa ce, ya kuma sami mutanen da suka yi alkawarin yin bita da gwadawa, sai a yi kiran karɓa, in an yarda a sake wa daftarin suna, a cire sunan marubucin daga ciki a sa ietf a gurbinsa, lamba ta koma 00. Wannan rana ta farin ciki ce, amma tana da ɗaci ga wanda bai shirya ba, domin daga ranar rubutun ya zama na jama'a, shi kuwa ya zama magatakarda mai rubuta abin da kwamiti ya yarda da shi, ko da ya saɓa wa ra'ayinsa, har shugabanni suna da ikon ƙara masa abokin aiki ko su sauya shi.

Yadda ake gane yardar kwamiti kuwa abu ne da ya bambanta da zaɓe. A 1992 David Clark na jami'ar MIT ya faɗi wata magana da ta zama taken wurin, mai ma'anar cewa ba su yarda da sarki ko shugaba ko ƙuri'a ba, abin da suka yarda da shi shi ne ijma'i na galibi da manhajar da aka ga tana aiki. Tun da babu rajistar mambobi, ƙirga hannu ba shi da ma'ana, domin kamfani zai iya cika ɗaki da ma'aikatansa; saboda haka suka daɗe da al'adar cewa in shugaba ya yi tambaya, masu goyon baya su rufe baki su fitar da sauti ta hanci, irin wanda masu tajwidi ke kira gunna, sa'an nan masu saɓani su yi nasu, a ji inda ɗakin ya karkata ba tare da an san wane ne ya ce me ba. Tun da annobar korona ta mai da taruka ta intanet a 2020, an fi amfani da manhajar nuna ra'ayi. Amma ko da can sautin ba shi ne hukunci ba. Pete Resnick ya yi sharhin wannan a takarda mai lamba 7282 ta 2014, inda ya nuna cewa abin dubawa shi ne ko an saurari kowace hujjar saɓani an amsa ta bisa ilmi, ko da ba a bi ta ba. Don haka mutum ɗaya mai hujjar da ba a amsa ba yana iya tsai da ɗari, ɗari kuwa masu cewa ba ma so kawai ba sa tsai da kowa. Wannan, a ra'ayina, shi ne mafi kyawun abin da ke cikin tsarin ga baƙo, domin ba ya buƙatar jama'a a bayansa, sai dai yana ɗora wa shugabannin kwamiti nauyin alƙalanci mai girma, kuma ba kowane lokaci ake gamsuwa da hukuncinsu ba, shi ya sa aka tanadi hanyar ɗaukaka ƙara.

Rabin maganar Clark na biyu, watau manhajar da aka ga tana aiki, shi ke cin shekaru. Ƙa'idar TLS 1.3, wadda ke kulle yawancin shafukan da muke buɗewa, an fara daftarinta a 2014, ta kai lamba 28 kafin ta fito a Agusta 2018 a matsayin RFC 8446. Daga cikin abin da ya ja mata jinkiri, da aka gwada ta a fili sai aka tarar wasu na'urorin da ke tsakiyar hanya suna yanke duk saƙon da bai yi kama da tsohon salo ba, dole aka yi wa sabuwar ƙa'ida shigar tsohuwa don ta wuce. Ƙa'idar QUIC kuwa, wadda ta samo asali daga Google, ta shiga kwamiti a 2016, daftarinta ya kai lamba 34, ta fito a Mayu 2021 da lamba 9000. Saboda irin wannan ne tun 2015 ake keɓe Asabar da Lahadin da ke gaban kowane taro ga masu rubuta manhaja, su zauna su haɗa abin da kowa ya gina a ga ko za su fahimci juna.

Ba zan ce ƙofar daidai take ga kowa ba. Da Ingilishi ake kome, Ingilishin ma na masu saurin magana da gajen haƙuri. Taruka galibi a Turai da Amurka ta Arewa da Asiya ake yinsu, da kuɗin rajista da na jirgi da wahalar biza. Wanda kamfani ke biya don ya bi muhawara dare da rana kuwa ba ɗaya yake da malamin jami'a mai satar lokaci daga barcinsa ba. Duk da haka ɗora daftari da shiga muhawara kyauta ne, ana halartar taro daga nesa, ana kuma yafe kuɗin wannan ga wanda ya nemi a yafe masa. Ga misali, Loganaden Velvindron na tsibirin Morishus, tare da Mark Baushke, sun fitar da RFC 8270 a Disamba 2017, 'yar takarda mai shafuka kaɗan wadda abin da ta yi shi ne ɗaga mafi ƙarancin girman wata lambar kulle a tsarin SSH daga 1024 zuwa 2048, bayan bincike ya nuna tsohon adadin ya yi rauni. Gyara ƙarami mai hujja bayyananniya irin wannan ya fi saurin samun masu saurare bisa gagarumin gini.

Matakan ƙarshe ba su da wuyar faɗi, ko da yake suna da wuyar jira. Kwamiti ya yi kiran ƙarshe nasa, a naɗa wa daftarin mai rakiya wanda zai rubuta tarihin muhawarar, daraktan sashe ya karanta, a buɗe wa ƙungiya duka kiran ƙarshe na mako biyu, ko huɗu in daftarin bai bi ta kwamiti ba, sa'an nan majalisar daraktoci, wadda ake kira IESG, ta zauna a kansa, inda darakta guda ke da ikon riƙe shi har sai an warware abin da ya gani. Daga nan editoci su tace harshe, su ba shi lamba, su mayar wa marubuta, waɗanda a al'ada ba sa wuce biyar a shafin farko, don dubawa ta ƙarshe da aka daɗe ana kira AUTH48, wadda aka sa wa sunan sa'a 48 amma takan ɗauki makonni. Da an buga, ba a sake taɓa hukuncin da ke cikin matanin. In an ga kuskure sai a rubuta shi a rajista ta dabam, in kuwa zamani ya wuce ƙa'idar sai a rubuta sabuwa ta zama nasikhi, tsohuwa ta zama mansukhi tana nan da lambarta. Haka RFC 8446 ta shafe hukuncin RFC 5246 ta 2008, kuma Eric Rescorla, wanda ya rubuta sabuwar, yana ɗaya daga cikin mutum biyun da suka rubuta tsohuwar.